Ƙafar Ragon da Ake Kaiwa Doma

Talata, 20 ga Mayu, bayan la'asar

Yau ma an yi wankin ƙodar. Mijina, Baban Kamila, yana kwance, na'ura na jan jininsa tana maido masa, ni ina kan benci ina kallon ƙafafunsa da suka kumbura har silifas ba sa shiga. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa yarda ya kwantar da shi ba. Ya ce, "Fanna, ki tafi kasuwa mana, atamfofin nan ba za su sayar da kansu ba." Na ce in sun gaji da jira su yi ƙafa su tafi.

Dokta ya ja ni gefe ya maimaita abin da ya faɗa wancan watan. Wankin ƙoda jinkiri ne kawai, a nemo ɗan'uwa na jini da zai ba shi guda. Tawa an gwada, ba ta dace ba, kuma ban taɓa jin haushin jikina irin na ranar ba. Ƙanwarsa Juwairiya ciwon suga gare ta. Mahaifinsu, Baba Ashemi, ya naɗe hannun riga a ɗebi nasa jinin, dokta ya yi murmushi ya ce, "Baba, kai addu'a za ka ba mu."

Ba wanda ya ambaci Doma. Dukanmu kuwa Doma muke tunani.

Alhamis, 22 ga Mayu, da hantsi

Bari in rubuta labarin Doma yadda na tsince shi a gidan nan, ko na samu sauƙin ƙirjina.

Kafin Baba ya auri marigayiya Hajiya Dijatu, uwar mijina, ya auri wata 'yar ƙabilar Tibi, Kirista, sunanta Doose. Suka haifi ɗa, ya raɗa masa Ari. Yaron bai gama koyon tafiya ba ta goye shi ta bar Lafia ta koma wurin danginta a Doma. Me ya faru? In ka tambaya, wannan ya yi tari, wancan ya tuna bai yi sallah ba. Can yaron ya tashi da sunan Terungwa. Yana noman doya da shinkafa, yana da mata da yara, ran Lahadi yana koya wa yara karatu a coci. Bai taɓa taka gidan nan ba. Baba kuma har gobe Ari yake ce masa.

Abu ɗaya ne bai taɓa yankewa ba. Duk Babbar Sallah, in an feɗe ragon Baba, ƙafar gaba ta dama ba mai taɓa ta, ta Doma ce. Ba saƙo, ba gaisuwa, nama kawai. Da Kirsimeti kuma sai a wayi gari da doya a ƙofar gida. Tun da aka kawo ni gidan nan ni ce 'yar aiken, washegarin Sallah in shiga mota in kai.

Mama Doose in ta hango ni da kwano sai ta ɗaga murya, "Naman Ishaku ya iso!"

Ni kuma in ce, "Na Annabi Isma'ila ne, Mama."

Ta ce, "Ajiye, yarinya na. Tukunya na ba ya tambaya."

Haka muke yi duk shekara. Su a littafinsu ƙaramin ɗan ne Annabi Ibrahim ya kwantar zai yanka, mu a wurinmu babban ne. Ban taɓa ɗaukar maganar da wani nauyi ba, abin dariyarmu ne ni da ita.

Asabar, 24 ga Mayu, da safe

Baban Kamila bai ci komai ba. Kunu ma cokali biyu.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan azahar

Baba ya sayo rago, fari mai baƙin kunne. Ya ɗaure shi a gindin mangwaro, ya kira ni. Na durƙusa nesa kaɗan. Bai dube ni ba, ragon yake shafawa.

"Bana ba za ki kai nama ba. Za ki je ki ce wa Ari ya zo ya ci Sallah a gidan ubansa."

Na ɗago kai, ya ci gaba.

"Kada ki ce masa komai game da ciwon. In ya zo ya ga ɗan'uwansa da idonsa, sai mu ce a duba jinin kowa da kowa. Daga nan Allah ya san sauran."

Na ce, "To, Baba."

To ɗin nan ta fito min da sauri, har na ji kunyar kaina. Na san ba daidai ba ne. Amma na tuna ƙafafun nan, na tuna Kamila da Yusra da ke leƙa ɗakin ubansu suna komawa da baya, sai na ji ko ƙarya goma aka ce in ɗauka zan ɗauka. Baba yana tsoron in an faɗa, uwar za ta hana. Ni ma abin da nake tsoro ke nan.

Da na tashi na ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "Allah ka tashi kafaɗar ɗana." Kullum haka yake cewa, ɗana.

Talata, 27 ga Mayu, da yamma

Wanki. Allurar ta ƙi shiga sai da aka sake wuri. Bai yi ko uhm ba, ni ce na fita waje.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan magariba

Na je Doma. Na dawo.

Wautar da muka yi, ni da Baba, ko yaro ba zai yi ta ba. Mace ta shekara da shekaru tana ganina rana ɗaya tak a shekara, da kwano a kaina. Yau sai ga ni Sallah da saura, hannu na dukan cinya, ina washe baki wai gaisuwa na kawo. Na tarar da Mama Doose tana tsince shinkafa a faranti. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ajiye farantin.

"Wane ne ba lafiya?"

Na ce kowa lafiya, Baba ne dai yake so Yaya Terungwa ya zo Sallah.

"Tsohon ne zai mutu?"

Na ce a'a.

"To mijinki ne."

Ban ce e ba. Idona ne ya tona ni. Ta jawo min kujera, ta ba ni ruwa, ta bar ni na yi kukana har na gaji. Ba ta tambayi sunan ciwon ba sai da na faɗa da kaina. Da na zo kan maganar ɗan'uwa na jini, sai na ga hannunta ya tsaya cak a kan zaninta.

Can ta ce, "Fanna, ka san labarin nan da muke wasa da shi? A namu littafi, Ibrahim ya tashi da sassafe. Bai gaya ma yaron ba. Yaro ne ya ɗauki itace a kan shi, yana tafiya yana tambaya, Baba, ga itace, ga wuta, ina rago? Uban ya ce Allah zai kawo. Duk lokacin da aka karanta wurin nan a coci, mutane suna yabon Ibrahim, ni Saratu nake tunani. Tana gida tana dafa abinci, ba wanda ya gaya mata."

Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Mu a namu ya faɗa masa, Mama. Ya ce masa ga abin da na gani a mafarki, ka duba me ka gani. Yaron ne ya ce a yi."

Ta juyo ta zuba min ido.

"Ya tambaye shi?"

"Ya tambaye shi."

"To me ya sa surukinki ya bar littafin shi ya zo yana bin nawa?"

Na rasa inda zan sa kaina. Ta ce ba za ta faɗa wa Terungwa komai ba, ba kuma za ta aike shi Lafia da ido a rufe ba. "Wanda ya haife shi ya zo ya buɗe baki. Yaro na ba zai ɗauki itace bai san na mene ne ba."

Ta cika min leda da gyaɗa ta ce in kai wa yara. Har bakin titi ta rako ni.

Alhamis, 29 ga Mayu, da rana

Na ce wa Baba ban sami Yaya Terungwa ba, yana gona. Gaskiya ce, amma ba ita ce gaskiyar ba.

Asabar, 31 ga Mayu, da hantsi

Yaya suruka za ta dubi uban mijinta ta ce masa ya saɓa wa littafinsa? Mutumin da ko sunansa ba na iya kamawa. Na shirya maganar a kicin, na shirya ta a keke, na shirya ta a bakin shago har wata mai sayen atamfa ta ce, "Madam, da ni kike?"

Baban Kamila bai san komai ba. Ya tambaye ni me ya kai ni Doma, na ce gyaɗa. Ya ce, "Lallai gyaɗar Lafia ta ƙare." Ya yi dariya, dariyar ta zama tari.

Litinin, 2 ga Yuni, bayan la'asar

Na faɗa.

Na kai masa shayi, na durƙusa, na kafa idona a kan tabarma na zazzage masa duka, har da tambayar Mama Doose, kalma da kalma. Na jira tsawa. Sai na ji ragon nan kawai yana tauna dusa.

Can ya ce, "Haka ta ce?"

Na ce haka ta ce.

"Bakinta na nan yadda na san shi." Wallahi kamar murmushi na ji a muryarsa. Sai kuma ya ce, "In na faɗa masa ya ce a'a fa, Fanna?"

Shayin ya huce a gabansa, na ɗauke.

Alhamis, 5 ga Yuni, ranar Arfa

Ina azumi. Addu'a ɗaya nake ta juyawa tun asuba, har na ji kunyar Ubangiji, kamar ba ni da wata buƙata a duniya.

Juma'a, 6 ga Yuni, ranar Sallah, da yamma

Liman ya yi huɗuba a kan Annabi Ibrahim. Tun ina 'yar ƙarama nake jin ta, ban taɓa lura da wurin tambayar ba sai yau. Na duba sahun maza ko zan hango Baba, ban gan shi ba.

Shi ya yanka da hannunsa. Baban Kamila aka fito da shi kan kujera ya kalla. Da aka zo rabo na miƙa hannu zan ɗauki ƙafar dama in gyara, Baba ya ce, "Bar ta. Gobe ki shirya, za ki nuna min gidan."

Ashe bai ma san gidan ba.

Asabar, 7 ga Yuni, bayan magariba

Dole in rubuta na yau.

Baba ya ƙi ba ni kwanon. A kan cinyarsa ya riƙe shi har Doma, da babbar rigarsa ta Sallah. An yi ruwa da safe, layin gidan duk caɓi, ya tattare rigar ya shiga.

Mama Doose na bakin murhu. Ta ga kwanon, ta ga wanda ya riƙe shi. Bana ba a ce naman Ishaku ya iso ba. Ta ce, "Ashemi, ka tsufa." Ya ce, "Ke ma ba ki tsaya jirana ba." Iyakar gaisuwarsu ke nan, bayan duk shekarun nan.

Aka kira Yaya Terungwa daga bayan gida. Na sha ganinsa, amma yau da suka tsaya kusa da juna sai na ga goshi ɗaya, kunne ɗaya. Ya kawo wa Baba kujera, Baba ya ƙi ta, ya zauna kan wani guntun itace, har ɗan ya fi shi tsayi a zaune.

Baba ya buɗe baki ya ce, "Ar..." ya tsaya. Ya haɗiye. Ya ce, "Terungwa."

Na sunkuyar da kai.

"Ƙaninka Abdulnasir ƙodarsa ta daina aiki. Likita ya ce sai ta ɗan'uwa. In ka yarda, wuƙa za a sa maka, kai da ba abin da ke damunka, kana da iyali. Ban riƙe ka ba, ba ni da bakin roƙonka. Da na so in kira ka Sallah in rufe maka ido, aka tuna min ba haka aka koya mana ba. Ga shi na faɗa maka. Ka duba ka gani."

Yaya Terungwa ya kalli kwanon ya daɗe. Ya ɗaga murfin, ya mayar.

"Tun ina ƙarami nake cin wannan ƙafa," ya ce. "Kowane shekara ina tambayan Mama, sauran ragon fa, yana ina? Ta ce yana Lafia."

Sannan ya dubi Baba.

"Zan yi tunani."

Muka shiga mota ni da Baba. Kwanon da babu komai a ciki ya riƙe kamar yadda ya riƙe shi da zuwa.

Talata, 10 ga Yuni

Wanki. Shiru daga Doma.

Alhamis, 12 ga Yuni, da rana

Shiru. Na yi wa Yusra faɗa a kan cokali. Cokali fa! Daga baya na rungume ta har ta ce ina matse ta.

Ba na jin haushin Yaya Terungwa. Ina jin haushinsa. In ni ce shi, me zan yi? An ba ka ƙafar rago, an zo karɓar ƙoda.

Juma'a, 13 ga Yuni, bayan la'asar

Muna ɗakin wanki, sai ga mutum a bakin ƙofa da takalmin gona, laka har gwiwa, nas na bin shi tana cewa ba a shiga haka. Na miƙe tsaye ban sani ba.

Ya tsaya a kan Baban Kamila. Suka kalli juna. Ba a gabatar da kowa ba, ba a buƙata.

Da mijina ya gane abin da ya kawo shi, sai ya juyo kaina da idon da bai taɓa yi min ba. "Gyaɗar ke nan?" Sannan ya ce, "Ban yarda ba. Yana da yara. Ba za a yanka mai lafiya saboda ni ba."

Yaya Terungwa ya jawo kujera ya zauna kamar a gidansa. "Abeg, yi shiru. Wa ne babba, ni ko kai?"

"Kai ne."

"A coci ina koya ma yara ƙaramin ne aka kwantar. Amma matarka ya ce a naku babban ne, kuma shi ya ce a yi. To wannan karo mu bi naku."

Mijina ya rufe fuskarsa da hannun da babu allura. Na fita na bar su. A baranda na zauna a ƙasa, da atamfata mai tsada, ban damu ba.

Laraba, 25 ga Yuni, da yamma

Gwaji, gwaji, gwaji. Abuja, Lafia, Abuja. An sayar da filinmu na Azuba, ko a jikina.

Na je Doma da kaina, ba aike. Mama Doose ta rame. Muka zauna muna ɓare gyaɗa.

Ta ce, "Na ce a gaya mishi. Ban ce ya yarda ba."

Na ce na sani, Mama.

"Zan gaya miki gaskiya. Kowane safe ina roƙon Allah gwajin ya ƙi. A labarin, naku da namu, rago ya zo a ƙarshe. Ina jiran rago."

Na ce ni kuma kullum ina roƙon gwajin ya yi.

Ta gyaɗa kai. "To Allah ya ji mu biyu. Shi ya san yadda zai yi." Ta ɗebo gyaɗar da ta ɓare ta juye a cikin tawa. Ina son matar nan, kuma ɗanta nake so a yanka. Ban san yadda zuciya ɗaya take ɗaukar wannan ba.

Talata, 8 ga Yuli, da azahar

Ƙodar Yaya Terungwa ta dace. Ragon bai zo ba.

Laraba, 23 ga Yuli, Abuja, bayan la'asar

Da safe aka shiga da su, gado biyu, ɗaya na bin ɗaya. Matar Yaya Terungwa ta kasa tsayawa, aka kai ta waje. Muka rage mu uku a benci, ni a tsakiya, Baba da carbi, Mama Doose da hannuwanta a haɗe tana motsa baki da yarensu. Na kasa kunne in ji ko Baba zai ce ɗana. Bai ce komai da ƙarfi ba yau.

Rana ta karkata kafin wata nas ta leƙo. Sabuwa ce, ba ta san mu ba. Ta ce, "An gama. Ɗaya ya farka, yana neman babansa. Baba, wanne ne naka a ciki?"

Baba ya miƙe, carbin ya faɗi.

Mama Doose ta ɗauki carbin ta sa masa a hannu. "Je ka, tsoho. Ko wanne ne, naka ne."

Terungwa ne ya farka.

Asabar, 26 ga Yuli, da hantsi

Ƙodar tana aiki. Dokta ya nuna min jakar fitsari kamar mai nuna jariri, ni kuma na yi ta hamdala a kan fitsari, ban ji kunyar kowa ba. Yau da safe na sa wa Baban Kamila silifas ɗinsa, suka shiga.

Yaya Terungwa ya fi shi jin ciwo, haka aka ce dama. Na kai masa ruwan zafi na tarar da Baba zaune a gefen gadon, ya riƙe masa hannu. Ban shiga ba, na tsaya a bakin labule.

Baba ya ce, "Baɗi in muna raye, a ƙofarka zan yanka. Gaba ɗayansa."

Yaya Terungwa ya juya fuskarsa bango, kafaɗarsa na rawa. Amma bai saki hannun ba.